Wayarki Da Sauran Na'urorin Gida: Wa Ke Ganin Abin Da Kike Gani?

 Yau za mu ɗan jingine zancen girki da tarbiyyar yara, mu taɓa wani abu da yake hannun kusan kowaccenmu, wato wayar salula, musamman yadda take ƙulla zumunci da wasu na'urori ba tare da mai ita ta sani ba.

Akwai wata tambaya da ake yawan aiko mana da ita, kowacce da irin yadda take faɗinta. Wata ta ce hoton da ta ɗauka a ɗakinta sai ga shi a kwamfutar maigida, alhali ba ta tura masa ba. Wata ta ce ana kiran wayarta sai allon karatun yara ya kama ƙara a falo. Wata kuma ta ce maganar da ta yi da yayarta a WhatsApp ta ji ta a bakin wanda bai kamata ya sani ba, kuma ta rantse wayar ba ta bar ƙarƙashin matashinta ba. To 'yar uwa, kafin ki zargi abokiyar zama ko ki ce an yi miki asiri, tsaya ki ji yadda abin yake aiki. Galibi ba kutse aka yi miki ba. Wata hidima ce da kamfanonin suka gina da gangan domin sauƙaƙa wa mutane, sai dai an gina ta ne da tunanin mutum ɗaya mai na'urori da yawa, mu kuwa a gidajenmu mutane da yawa ne ke amfani da na'ura ɗaya.

Tushen abin shi ne asusu. Duk wayar da ake shafawa, ranar da aka fara kunna ta sai ta nemi a shigar mata da asusu. Idan Tecno ce ko Infinix ko itel ko Samsung, asusun Google take nema, wanda muka fi sani da Gmail. Idan iPhone ce, asusun Apple take nema, wanda mutane suka fi kira iCloud. Lambobin mutanenki, hotunanki idan an kunna ajiyarsu, shafukan da kika buɗe a intanet, har da kalmomin sirrin da kika yarda waya ta riƙe miki, ba a cikin wayar kaɗai suke zaune ba. Ana kwafe su zuwa manyan kwamfutocin kamfanin, a ajiye su da sunan wannan asusu. Daga nan duk na'urar da aka shigar wa asusun, sai a sauke mata nata kason. Kamfanin yana ɗauka cewa duk inda asusun nan ya shiga, ke ce a wurin. Bai san fuskar wanda ke zaune gaban kwamfutar ba, kuma ba ya tambaya.

Ki ɗauka kamar gida ne mai ƙofa huɗu, duk makulli ɗaya ke buɗe su. Kin kulle ƙofar zaure kin sa sakata, kin kwanta hankalinki kwance, amma ƙofar baya tana buɗe tun bara, kin ma manta da ita.

Haɗin nan iri biyu ne, kuma yana da kyau ki bambance su. Akwai na kusa, akwai na nesa.

Na kusa shi ne wanda sai na'urorin suna wuri ɗaya yake aiki. Kamfanin Apple ya fito da nasa a shekarar 2014, ya sa masa suna Continuity, ma'ana ci gaba da aiki ba yankewa. A cikinsa akwai abin da suke kira Handoff: ki fara rubuta wasiƙa a waya, ki ƙarasa a kwamfuta daga inda kika tsaya. A 2016 suka ƙara wani, wanda idan kika kwafi rubutu a waya, za a iya manna shi a kwamfutar da ke kusa. A 2024 kuma suka ƙara wanda mutum zai ga fuskar iPhone ɗinsa gaba ɗaya a kan kwamfutar Mac, ya sarrafa ta daga can, wayar tana kulle a gefe. Duk waɗannan suna bukatar asusu ya zama ɗaya, a kunna Bluetooth da Wi-Fi, kuma na'urorin su kasance kurkusa, kamar tsakanin ɗaki da falo. Kamfanin Microsoft ma yana da nasa tun 2018, wanda daga 2022 ake kira Phone Link. Shi yana haɗa waya da kwamfutar Windows, ya nuna saƙonnin tes da sanarwar da ke shigowa, a wayoyin Android har da hotuna.

Na nesa kuwa babu ruwansa da tazara. Muddin akwai intanet, ko ɗaya na'urar tana Legas ko Jidda, abin da kika ajiye zai isa gare ta. Ajiyar hotuna ta iCloud da ta Google Photos duk haka suke. Wannan ne ya fi ba ni tsoro, domin na kusa ko ba komai kina ganin kwamfutar da idonki.

Kada ki ce ni ba ni da iPhone, ba ni da kwamfuta, zancen bai shafe ni ba. Idan kina WhatsApp, ya shafe ki, kuma a nan nake so mu daɗe.

A farkon shekarar 2015 WhatsApp ya fito da hanyar buɗe hirarki a kan kwamfuta. Kwamfutar za ta nuna wani zane mai kusurwa huɗu cike da ɗige-ɗige baƙaƙe, sai a haska shi da kyamarar wayarki, shi ke nan an haɗa. A wancan lokacin sai wayarki tana kunne kuma da data sannan kwamfutar take ganin saƙo. Daga 2021 suka fara canza tsarin, ya zama na'urar da aka haɗa tana cin gashin kanta, ko wayarki ta mutu ba caji ita tana karɓar saƙo. Ana iya haɗa har na'urori 4 bayan wayarki. A 2023 kuma suka yarda ɗaya daga cikinsu ta zama wata wayar ce. Wato ke nan WhatsApp ɗinki zai iya zama a aljihun wani, yana karanta abin da ke shigowa lokacin da kike karantawa, yana sauraren saƙon murya, yana ma iya rubutu da sunanki. Ranar da aka haɗa, har hirarrakin baya-bayan nan ake kwafe masa. Aikin haɗawar kuwa bai kai lokacin da za ki ɗauka ki shiga kicin ki duba tukunya ba. Idan wayarki ta yi fiye da kwana 14 ba a buɗe WhatsApp a kanta ba, sauran suna fita da kansu, mu kuwa wace ce take kwana 14 ba ta buɗe ba?

Na san wata za ta ce ai an ce WhatsApp a kulle yake, ko kamfanin ba ya iya karantawa. Gaskiya ne, tun 2016 saƙonninsa a rufe suke tafiya daga mai aikawa zuwa mai karɓa. Amma ki lura da abin da rufin yake karewa: hanya yake karewa. Kamar ki ba yaro saƙo a cikin kwano ki ɗaure da ƙyalle, babu mai buɗewa a titi. Idan ya isa gidan da aka aike shi, ai dole a kwance. To na'urar da aka haɗa da asusunki, a wurin WhatsApp ita ma gidanki ce, don haka a kwance saƙon yake isar mata.

Me ya sa abin ya fi shafar mu da muke cikin gida? Dalili na farko, yawancinmu ba mu muke sayen wayar da kanmu ba. Maigida ne zai je kasuwa, ko a aiki ƙani ko ɗa, misali a Kano a ce ya tafi Farm Centre. A can yaron shago zai ce bari in saita mata, ya buɗe Gmail da sunan da ya ga dama, ya sa kalmar sirrin da shi kaɗai ya sani, wani lokaci ma lambar wayarsa zai sa a matsayin wadda za a nema idan an manta. Ko kuma maigida, da kyakkyawar niyya, don gudun wahala, ya shigar da nasa asusun a wayarsa da taki da ta abokiyar zamanki da allon yara. Daga ranar lambobinku sun gauraya, hotunanku na iya taruwa wuri ɗaya, abin da wannan ta bincika a intanet waccan na iya gani. Sau nawa aka yi rigima a gida a kan "wa ya nuna mata", alhali babu wanda ya nuna, asusu ne kawai ɗaya?

Dalili na biyu, wayar ta zama ƙafarmu. Iyayenmu da suke sana'a a cikin kulle, yara suke ɗora wa talla, yaro ya kai ƙosai ya dawo da kuɗi. Yau mai atamfa da mai turaren wuta da mai cincin a WhatsApp suke baje kolinsu, ciniki ya faɗa, a turo kuɗi ta banki, alat ya shigo. Adashi ma ya koma can. Saboda haka wanda ya samu shiga WhatsApp ɗinki ba hira kaɗai ya samu ba, ya samu amanar da abokan cinikinki suka ba ki. Zai iya rubuta wa Hajiya da sunanki ya ce akawun ɗina ya samu matsala, tura kuɗin a wannan. Ita kuwa ta ga hotonki, ta ga lambarki, me zai sa ta yi shakka?

Akwai kuma lambobin nan da banki ke turowa ta tes idan za a fitar da kuɗi ko a canza wani abu, waɗanda ake cewa kada ki faɗa wa kowa. Idan an haɗa wayarki da kwamfuta ta hanyar da saƙon tes ke bayyana a can, ba sai kin faɗa ba, lambar za ta fito a gaban duk wanda ke zaune wurin. A iPhone akwai saiti na musamman da ke tura tes da kiran waya zuwa iPad ko Mac masu asusu ɗaya, shi ne sirrin allon yaran nan da ke ƙara idan an kira ki.

Sai dalili na uku, wanda ya fi kowanne nauyi a wurina: hotuna. Mace a ɗakinta ba mayafi, hoton kwalliyar da aka yi don miji, hoton ciwo da aka ɗauka a tura wa likita ko ungozoma, bidiyon biki na ɓangaren mata inda kowa ta saki jiki. Waɗannan ba naki ne ke kaɗai ba, akwai mutuncin wasu a ciki. A shekarar 2014 a Amurka aka watsa hotunan sirri na wasu fitattun mata 'yan fim a intanet. Da aka bincika, ba wayoyinsu aka sace ba. Saƙon imel na ƙarya aka riƙa tura musu kamar daga Apple ko Google, ana neman su shigar da kalmar sirrinsu, da ita aka shiga ma'ajiyar hotunan daga nesa. A 2016 kotu ta ɗaure ɗaya daga cikin masu laifin wata 18. An hukunta shi, amma hoton da ya riga ya fita babu kotun da ke iya dawo da shi.

A nan bari in faɗi ra'ayina, domin na san wasu za su ce wannan baiwar Allah tana koya wa mata ɓoye-ɓoye. Ba haka ba ne. Idan ke da maigidanki kun yarda kowa ya san lambar buɗe wayar ɗan uwansa, wannan tsakaninku ne, babu mai shiga. Abin da nake ƙi shi ne haɗin da ba ki san da shi ba, da wanda aka yi aka manta. Kwamfutar ofis ba maigida kaɗai ke taɓa ta ba, akwai abokan aiki, akwai mai gyara. Allon yara yana zuwa makwabta, yana zuwa islamiyya a jaka. Kuma abin da ƙanwarki ta faɗa miki na damuwar aurenta, ke ta faɗa wa, ba ta faɗa wa gidanku duka ba. Haka nan ke ma, kada jin wannan bayani ya sa ki ɗauki wayar maigida ko ta abokiyar zama ki haɗa da taki. Malamanmu sun sha ja mana kunne a kan bin diddigin sirrin mutane, kuma a Najeriya tun 2015 akwai dokar laifukan intanet da ta haramta shiga na'urar wani ba da izini ba.

To yaya za ki duba? Ɗauko wayar yanzu idan tana kusa, abin ba wuya.

Buɗe WhatsApp. A Android ki taɓa ɗigo ukun nan da ke sama ta hannun dama, a iPhone kuma ki shiga wurin saiti. Za ki ga inda aka rubuta Linked devices da Turanci, ma'ana na'urorin da aka haɗa. Idan kin shiga ba ki ga komai ba sai gayyatar ki haɗa sabuwa, to alhamdu lillahi. Idan kuwa kin ga sunan wata kwamfuta ko waya, tare da lokacin da aka yi amfani da ita na ƙarshe, kuma ba ke kika haɗa ba, taɓa sunan ki zaɓi Log out. Nan take an rufe wannan ƙofa. Ki sani canza lambar buɗe waya ba ya korar wanda ya riga ya shiga, sai kin fitar da shi da hannunki ta nan. Ki mai da wannan dubawa al'ada, musamman bayan waya ta dawo daga wurin gyara ko daga shagon caji, ko bayan taron biki da suna inda ake ta "ara min in kira".

Bayan kin share, sai ki hana a sake. Ki sa wa wayar makulli, na yatsa ya fi, domin idan akwai shi WhatsApp yana neman a buɗe da shi kafin ya yarda a haɗa sabuwar na'ura. Lambar buɗewa kuma kada ta zama 1234 ko shekarar haihuwar ɗan fari, yaran gida sun fi ki saninta. Sannan a cikin saitin WhatsApp akwai tabbatarwa mai mataki biyu, wadda suka kawo a 2017: ki zaɓi lamba 6 taki ta kanki, wadda za a nema duk ranar da wani ya so ya ɗauke layinki ya buɗe WhatsApp da shi a wata waya.

Wannan ya kawo mu ga 'yan damfara, waɗanda ba sa bukatar taɓa wayarki sam. Wani zai kira da murya mai ladabi, ya ce shi daga ƙungiyarku ta makaranta ko ta tallafi yake, za a yi taro ta waya da yamma, an turo miki wasu lambobi 6, karanto masa ya sa sunanki. Lambobin nan makullin WhatsApp ɗinki ne, kina karantawa ya tafi da shi. Wata dabarar kuma ta bi ta hanyar haɗin da muke magana: ana iya haɗa na'ura ba tare da haska zane ba, ta hanyar shigar da wasu haruffa da lambobi guda 8 a wayarki. Sai a turo miki su a ce shigar da wannan ki ga hotonki, ko ki karɓi kyauta. Kina shigarwa kin buɗe masa da hannunki, kuma wannan ya fi muni ta wani ɓangare, domin WhatsApp ɗinki zai ci gaba da aiki lafiya lau. Babu wani taro, babu wani tallafi, babu wani banki da ke bukatar waɗannan lambobi.

Sai babban asusun. Tambayi kanki: na san sunan Gmail ɗin da ke wayata? Na san kalmar sirrinsa? Idan amsar a'a ce, to wani ne ke riƙe da makullin ɗakinki. A Android ki shiga saitin waya, ki nemi Google, ki shiga kula da asusu, ɓangaren tsaro, za ki ga jerin duk na'urorin da asusun yake ciki. A iPhone ki shiga saiti, ki taɓa sunanki da ke can sama, ki gangara ƙasa, jerin yana nan. Wadda ba ki gane ba ki cire ta, sannan ki canza kalmar sirri, ki tabbata lambar wayar da aka ajiye don neman asusun idan ya ɓace taki ce. Idan karatun Turancin zai ba ki wahala, ki sa 'yarki ko ƙanwarki da kika amince da ita ta karanta miki, amma kalmar sirrin ke za ki shigar da yatsanki, ki rubuta ta a takarda ki ajiye inda kike ajiye sarƙarki. Idan kuma asusu ɗaya kuke amfani da shi duk gidan, ki lallaɓa maigida a buɗe wa kowa nasa. Kyauta ne, kuma shi ma ya huta da ganin lambobin masu kitso a wayarsa.

Hattara ɗaya kafin ki hau goge-goge. Inda hotuna suke haɗe, gogewa ma haɗe take. Idan kika ga hotunan wani a wayarki saboda asusunku ɗaya, kika share su daga ma'ajiyar, to daga wurinsa ma kin share. A iPhone abin da aka goge yana zama kwana 30 a wani kwando kafin ya tafi gaba ɗaya. Don haka a fara raba asusu, kowa ya kwashe nasa, sannan a yi shara. Masu iPhone kuma akwai wani wuri da Apple ya ƙara a 2022 mai suna Safety Check, a ɓangaren sirri da tsaro, wanda ke nuna miki a wuri ɗaya duk wanda kike raba wani abu da shi, har da inda kike, ya kuma ba ki damar tsayar da shi. Sai dai wadda take zaune da mutumin da take tsoron fushinsa, ta sani cewa wanda aka cire yana iya lura, don haka ta fara shawara da wani babba nata kafin ta taɓa.

Abu na ƙarshe shi ne ranar rabuwa da waya. Mu kan ba ƙanwa tsohuwar idan an sai mana sabuwa, ko a kai kasuwa a yi musaya a cika kuɗi. Cire layi da katin ajiya bai wadatar ba, asusunki yana nan a ciki, kuma sababbin hotunanki na iya ci gaba da sauka a wayar da kika bayar. Ki fara fita daga Gmail ko iCloud, sannan a mai da wayar yadda ta fito daga kamfani. Idan aka juya tsarin, aka wanke ba a fita ba, wayar na iya ƙin buɗuwa ga sabon mai ita sai an kawo kalmar sirrinki, kin ga an dawo ana roƙonki abin da bai kamata ki bayar ba. Haka idan ta hannu aka sayo miki, ki duba kada asusun mai ita na farko ya kasance a ciki.

Lokaci ya yi mana halinsa. Mako mai zuwa idan Allah ya kai mu za mu duba yadda uwa za ta saita allon yara da asusunsu na kansu, da yadda za ta taƙaita abin da suke kallo. Mai tambaya ta aiko ta hanyar da aka saba. A gaida yara, a gaida maigida, sai mun sake saduwa.